Hannun Kaka a Kwaɓin Jimina

"...lafiya lau, Tsoho. Ya ƙarfin jiki? Ya iyalanka na cikin akwatin talabijin, su kura da dila, duk sun tashi lafiya?" in ji Jimina.

"Sun tashi, suna gaishe ki. Kura ma ta ce in tambaye ki yaushe za ki zo karɓar aron haƙoran."

"Ni na nemi aron haƙora?"

"To da me za ki ci burodinki?"

Safiyar Asabar ce, ba makaranta, shi ya sa Jimina take gida. Sunan da Kaka ya laƙaba mata ke nan tun tana 'yar shekara goma, lokacin da wuya da ƙafafu suka riga sauran jikinta girma. Yanzu malama ce mai ajinta guda, amma ko Ummanta in za ta kira ta Jimina take cewa. Ta shigo falo rungume da babbar roba, ledar fulawa a hammata, ta jawo gajeren tebur da ƙafa ta dasa shi daidai tsakanin kujerar Kaka da talabijin.

Shi kuwa Kaka shekara talatin da takwas ya yi a gidan burodi, tun yana mai goge gwangwani har ya zama mai kwaɓi, wanda ba a buɗe tanderu sai ya taɓa ya ce ya yi. Wata bakwai da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo, baki ma ya dawo, har ya fi da kaifi. Hannun dama ne ya ƙi. Yana nan kan cinyarsa, yatsu a lanƙwashe, ya lulluɓe shi da ɗan tawul mai ruwan toka. Tun daga lokacin bai ƙara miƙa wa kowa komai ba, don shi a ganinsa ba a ba mutum abu da hagu. Sai dai ya nuna da haɓa ya ce a ɗauka. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya ce ya dinga matsawa safe da yamma, ya kuma tare Jimina a bakin ƙofa ya gaya mata, ba wasa a fuskarsa, cewa in aka ƙara wata biyu yatsun nan ba sa aiki, to sun sandare ke nan. Kaka ya yi godiya, ya zo gida ya cusa ƙwallon ƙarƙashin katifar kujera ya zauna a kai. Ba shi da aiki sai kallon shirin namun daji a tsohon talabijin ɗinsa mai doro. Mai bayanin da wani yare yake magana wanda Kaka ba ya ji, amma wannan bai taɓa hana shi fassara wa mutanen gida ba.

Da burodi ya yi tsada Umma ta fara maganar a rage ci, sai Jimina ta ce ita za ta dinga gasawa a ɗan tanderun lantarkin da ke kicin ba a amfani da shi. Ta iya sarai, a gindin teburin Kaka ta girma. Ranar farko tana cikin buga kwaɓi a kicin ta leƙo falo, sai ta ga tawul ɗin nan yana motsi. Duk bugu ɗaya, yatsun da ke ƙarƙashi su ɗan amsa. Idonsa na kan talabijin, bai san ana kallonsa ba. Burodin ranar ya yi kyau, amma ta zare shi ta ƙofar baya ta kai wa maƙwabta, ta dawo ta ce ya ƙone. Asabar biyu ke nan tana kawo kwaɓinta gabansa tana ɓata shi da gangan, ko haushi zai sa ya sa hannu. Bai sa ba. Umma kuwa, da ba ta san dawan garin ba, ta ce tattali aka ce a yi ba asara ba: wannan ledar ita ce ta ƙarshe, in yau ma dutse ya fito a koma saye a kanti. Jimina tana dariya, amma ta san yau kaɗai ta rage mata.

"Matsa, kin tare min zaki."

"Zakin jiya ne, yana nan kwance inda ka bar shi. Kai da shi ban san wanda ya fi wani son kwanciya ba."

"Shi sarki ne, mata ke fita farauta su kawo masa. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da matar da in ta fita farauta bulo take kawowa."

"Bulo? Wa ya cinye rabi makon jiya?"

"Ban ci ba, tsoma shi na yi a shayi. Tun Lahadi yake ciki bai jiƙa ba. Shayin ne ya gaji ya ƙafe."

"Tsoho, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. Maginin da ke gyaran katangar maƙwabta ma ya zo jiya, ya ce ko za ki yi masa guda ɗari biyu. Ya ce naki ya fi na siminti, ruwan sama ba ya cin sa."

"To ka ga na sami sana'a. Kai da ka ƙare rayuwarka kana gasa iska a cikin ɓawo kana sayar wa bayin Allah, wa ya taɓa gina ko akurki da naka?"

"Iska? Yarinya, burodina in kika danna shi da yatsa, tasowa yake ya gaishe ki. Naki in aka danna shi, asibiti ake kai yatsan."

Ta tsiyayi ruwan zafi a kofi, ta sirka da na sanyi, ta tsoma bayan ƙaramin yatsanta ta ji, ta ƙara na sanyi kaɗan. Ba ta ma san ta yi ba. Ta zuba yis da sukari, sannan ta cika cokali da gishiri ta nufi kofin da shi, a hankali, yadda zai gani.

"Ke! Gishiri a kan yis? Kashe shi za ki yi?"

"Gara su saba tun yanzu, tunda gida ɗaya za su zauna."

"Kura da barewa ma daji ɗaya suke zaune, kin taɓa ganin an rufe su a ɗaki ɗaya? Gishiri cikin fulawa. Kuma rabin wannan. Teku za ki gasa mana?"

"Rabin sama ko rabin ƙasa?"

"Allah ya shirye ki. Kuma wai ke ce ke koyar da 'ya'yan mutane. Ni da na sani da na je na ba iyayensu haƙuri."

Ta juye rabin gishirin cikin fulawa tana murguɗa baki. Yis ya fara kumfa, ta haɗa komai a roba ta juya da hannu har ya dunƙule, ta kife shi a kan tebur. A cikin akwati mai bayani ya yi ƙasa da murya, zakin ya yi hamma.

"Me mutumin naka yake cewa yanzu?"

"Cewa yake akwai wata tsuntsuwa mai dogon wuya, idonta ya fi ƙwaƙwalwarta girma."

"Ai zaki ake nunawa."

"Ta gilashi ya hango ki."

"Ƙarya kake, na ji abin da ya ce. Cewa ya yi wannan tsohon zakin haƙori uku suka rage masa, biyu ma suna shawarar tafiya."

"Komai lalacewar giwa ta fi kwando goma."

"Giwa ka ce. Zancen zaki muke."

"Ni duk biyun ne, ya danganta da shirin da ake nunawa."

Ta fara murza kwaɓin, in har wannan sunansa murza. Da kan yatsu take tsikarar sa kamar mai yi wa jariri cakulkuli. Kaka ya kau da kai zuwa talabijin, ya dawo da shi, ya sake kau da kai. Ta saci kallon tawul. Yana motsi.

"Wai me kike yi masa? Gaisawa kuke?"

"Lallashinsa nake, ba na son in ji masa ciwo."

"Kwaɓi ba ya jin lallashi. Da gindin tafi ake yi. Tura, ninke, juya. Tura, ninke, juya."

"Juya, tura, me?"

"Ninke!"

"Kamar zane?"

"Kamar bakinki, da zai ninku da mun huta. Ba haka ba! Kin yage shi! Wayyo fulawa, Allah ya isar miki."

"To Tsoho, inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ga tebur, ga kwaɓi."

"Na yi ritaya. Da tsohuwar zuma ake magani, ba a zuba ta a shayi kullum."

"Ritaya ko tsoro?"

"Tsoron me? Ni da na taɓa murza buhu uku ni kaɗai kafin rana ta fito?"

"Bara buhu biyu ka ce."

"Labarin kwaɓi ne, dole ya tashi."

"Baki dai, baki dai. Kunkuru yana son dambe, ba shi da yatsa."

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Tun tana ƙarama ba abin da ba ta tsokane shi da shi ba, sanƙonsa, haƙoransa, munsharin da ta ce yana kashe fanka, kuma duk ya rama har da riba. Amma hannun nan ba wanda ya taɓa ambata a gidan, ko da wasa. Kaka, mutumin da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya mayar da idonsa kan talabijin. Ya sa hagu ya gyara tawul ɗin har ya rufe wuyan hannun. Kunya ta kama Jimina, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

"Kaka..." ta ce. Rabon da ta kira shi haka har ta manta.

"Ba ki yi ƙarya ba." Idonsa na kan zaki. "Ranar Talata da ba kowa a gida, na gwada ɗaukar cokali da shi. Sau uku yana faɗuwa. Na huɗu ban gwada ba." Ya ɗan nisa. "Shekara talatin da takwas kwaɓi ya san hannun nan, Jimina. Ba na so ya gan shi haka."

Hawaye ya taho mata, ta danne shi da ƙarfin tsiya. Ta san halinsa. In ta yi kuka, lallashinta zai yi, ya ce ba komai, ya koma wa zakinsa, shi ke nan an rufe maganar har yatsun su sandare. Ta share hanci da bayan hannu, ta bar farin fulawa a kai.

"Wane kwaɓin? Wannan? Yau aka haife shi, bai san kowa ba sai ni. Bayan azabar da ya sha a hannuna, ko kunkurun ne ya taɓa shi godiya zai yi."

Kaka ya yi wata 'yar dariya ta hanci, amma bai motsa ba. Ya ɗauki kofin shayinsa da hagu, cike taf, yana hurawa.

"Ka ga abokinka ma ya miƙe," ta ce, tana nuna akwatin.

"Fitsari zai yi ya dawo. Na san shi."

Ta dubi kwaɓin, ta dubi ledar da ba ta da sauran ko cokali ɗaya, ta dubi kofin da ya cika masa hannun hagu. Akwai laifi guda da ta taɓa ganin ya kori ma'aikaci a kansa tana ƙarama, wato zuba ruwa a kan kwaɓin da ya riga ya haɗu. In ta zuba bai tare ba, ba fulawar da za a gyara da ita, ba burodi, ba kuma wata Asabar. Ta ɗauki babban kofin ruwan sanyi.

"Ni dai na ga ya yi tauri. Bari in ba shi ruwa ya sha."

"Wane ruwa?"

"Duka zan juye, ya sake jiki."

"Kar ki kuskura."

"Kaɗan ne fa, kofi ɗaya."

"Na ce kar ki... Jimina!"

Ta karkata kofin, ɗigo biyu suka sauka. Na uku bai sauka ba, saboda wani abu ya riƙe mata wuyan hannu. Ba riƙo ne mai ƙarfi ba, da ta ga dama da ta fizge ba wahala. Yatsu uku ne suka kama, biyu suna rawa a iska. Tawul yana ƙasa. Shayin na nan a hagunsa, ko ɗigo bai zube ba.

Su biyun suka tsaya suna kallon hannun kamar baƙon da ya shigo ba sallama.

"Tsoho," ta ce, "sake ni, za ka karya min hannu."

"Ajiye kofin."

"Sake ni tukuna. Wannan wane irin ƙarfi ne? Kada ne ya kama ni?"

"Ajiye kofin, 'yar banza mai kashe fulawa." Ya saki, ya dubi tafinsa, ya ajiye shayin. "Kawo min ruwa da sabulu. Ba don ke ba. Don marayan nan da ke kan tebur."

Ta kawo, kafin ya sake shawara. Ta wanke masa hannun yatsa bayan yatsa, ta matso da tebur har ya taɓa gwiwoyinsa. Ya ɗora hagu a kan kwaɓin ya tura, kwaɓin ya miƙe. Ya ɗago dama da ƙyar ya ɗora, ya tura. Hannun ya zame gefe, kwaɓin ya mirgina ya nufi bakin tebur. Jimina ta cafe shi a iska.

Ta ga fuskarsa ta sauya, ta ga idonsa ya fara neman tawul. Ta sa ƙafa ta take shi.

"Ka gani? Gudu yake. Ya ji hannun manya ya tsorata."

"Jimina, ba zai yiwu ba."

"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kai ka koya min. Ga na uku." Ta mayar da kwaɓin, ta ɗora tafinsa a kai, ta ɗora nata a bayan nasa. "Yaya ma ka ce? Juya, yage, gudu?"

"Tura."

Suka tura.

"Ninke."

Hagu ta ninke.

"Juya. A'a, ba ke ba, bar ni."

Sannu a hankali abin ya fara kama hanya. Da farko ita ke turawa yana bi, can sai ta ji shi ke turawa ita ke bi, sai ta zare hannunta ba tare da ta ce komai ba. Gumi ya tsattsafo a sanƙonsa. Sau biyu yana tsayawa ya huta, yana cije leɓe don zafin da yatsun ke yi masa, sau biyu yana komawa. Kwaɓin da ɗazu yake kaca-kaca ya yi sumul, ya daina manne wa tebur. Farin ciki ya cika Jimina har ta rasa inda za ta sa shi, sai ta sa shi a baki.

"Yanzu buhu nawa ke nan?"

"Huɗu."

"Leda ɗaya fa."

"Ki jira badi ki ji. Taɓa nan. Yanzu taɓa fatar kunnenki. Ɗaya?"

"Ɗaya."

"To ya yi. Shafa wa roba mai, sa shi ciki, kawo abin rufewa."

"Bari in ɗauko a kicin."

"Ga tawul nan kina takawa."

Ta dube shi. Bai dube ta ba.

"Na taka shi da ƙafa, Tsoho. Ba zai rufe abinci ba."

"To kai shi kwandon wanki, ki kawo wani. Ki bar shi can."

Ta kai, ta dawo da mai tsabta ta rufe robar. Ya nuna mata doron talabijin da haɓa.

"Ɗora a can."

"A kan talabijin?"

"Sa hannu ki ji. Ɗumin nan shi kwaɓi yake so, ba zafi ba sanyi. Waɗannan sababbin masu kama da faranti da kike cewa a saya, ina za ki ɗora roba a kansu? Shiri ɗaya, tashin farko. A buge shi a sa a gwangwani, rabin shiri, tashi na biyu. Ni ba na buƙatar agogo."

"Ashe wata bakwai kana zaune kana auna lokacin burodi da namun daji."

"Bincike nake. Ke me kika sani?"

Aka fara shirin giwaye. Ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar kujerarsa, robar tana can sama a kan doro, tawul yana ɗagowa kaɗan-kaɗan. Kaka ya fassara mata cewa babbar giwar nan faɗa take yi wa jikarta don ta ɓata musu fulawa. Jimina ta ce a'a, tambaya take ina tsohon mijinta ya ɓoye ƙwallon likita. Ana cikin haka Umma ta fito daga ɗaki da kwandon shanya.

"Roba a kan talabijin kuma? Baba, kai ma biye mata ka..."

Ta tsaya. Ta ga farin fulawa a gaban rigarsa, ta ga hannun a buɗe kan hannun kujera, busasshen kwaɓi a tsakanin yatsu. Ta juya ta shige kicin da kwandon shanyar da ba can za shi ba, suka ji ta kunna famfo ta bar shi yana zuba ya daɗe.

"Uwarki za ta ƙarar da ruwan unguwa," in ji Kaka a hankali.

"Gado ta yi. Kai ma idonka yana yoyo."

"Hasken akwatin ne."

Giwaye suka ƙare, kwaɓi ya ninka kansa. Shi ya buge shi da dunƙulen hagu, ya naɗe shi da hannu biyu ya sa a gwangwani. Aka yi rabin shirin kadoji, Jimina ta kai tanderu. Kafin azahar ƙamshi ya cika gidan har ya fita titi. Ta fito da shi a kan faranti, ja-ja-jur, yana tururi. Sai dai gefe ɗaya ya tashi sosai, ɗayan ya ɗan kwanta, inda hannun dama bai naɗe da ƙarfi ba.

"Ya karkace," ta ce.

"Ni ya biyo. Danna shi."

Ta danna da yatsa. Ya lotsa, ya taso.

"Ka ji, ya gaishe ni."

"Ya gaishe ki mana, yana da tarbiyya. To yanzu da Ummanki ba ta kusa, ina burodina?"

"Ga shi a gabanka."

"Ba wannan ba. Na Asabar ɗin farko."

"Ai... ya ƙone."

"Kifi na ganinka mai jar koma. Hannu ciwon ya taɓa, bai taɓa hanci ba. Ni zan kasa bambance ƙamshin burodin da ya gasu da wanda ya ƙone? Ina zaune na ji ya yi, na gyara zama ina jiran rabona, sai na ji ƙofar baya ta yi ƙara."

"Iska ce."

"Iska mai takalmi. Kuma wadda ba ta san a raba gishiri da yis ba, wa ya koya mata auna ruwa da bayan ƙaramin yatsa? Mutum ɗaya na sani yana yin haka, kuma yana zaune a kujerar nan. Asabar uku kina yi a gabana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"To tunda ka sani, me ya sa ka bar ni ina ɓarnar fulawa?"

"Ina so in ga iyakar rashin kunyarki." Ya dubi hannunsa. "Kuma tsoro nake ji. Na faɗa, kar ki sake tambaya."

"Da na juye ruwan fa?"

"Da kin juye?"

"Wallahi da na juye."

"Na sani, shi ya sa na kama ki. Mahaukaciya." Ya fashe da dariya, irin wadda gidan ya yi wata bakwai bai ji ba, har da tari. "Shi ke nan, kin ci. Ɗaga katifar nan ta gefena, ki ɗauki ƙwallon ki kai wa yaran ajinki. Ki gaya wa likita na sami wanda ya fi nasa, nawa ana cin sa da shayi. Ki kuma gaya wa Ummanki a sayo fulawa, babbar leda. Laraba da Asabar."

"Ina makaranta ranar Laraba."

"Wa ya ce da ke za a yi? Ke aikinki wankin roba."

Ya jawo farantin gabansa. Ya danne burodin da hagu, ya kafa yatsun dama a ƙarshensa, wajen ɓawon da take kuka a kansa tana ƙarama in an ba wani. Ya ja, yatsun suka zame. Jimina ta sa hannuwanta a bayanta ta riƙe su, don kar su kai masa taimako. Ya sake kafawa ya ja, ɓawon ya ɓalle, tururi ya tashi.

Ya miƙo mata da dama. Hannun yana rawa, amma ya iso.

"Karɓi, kafin kura ta zo karɓar haƙoranta."

Ta karɓa da hannu biyu.